Ko Ya Kamata 'Yan Kurket Su Yi Wasa Don Agajin Waɗanda Masifa Ta Auka Wa?

A daren Asabar ɗin da ƙungiyarmu ta gardama ta zauna a kan wannan magana, ni aka ɗora bisa kujerar alƙali, saboda haka bakina a ɗaure ya ke. Na saurari ɓangarorin biyu har aka tashi. Masu goyon baya suka ce taimako ai taimako ne, ko ta wace ƙofa ya shigo. Masu suka kuwa suka ce ba shi da kyaun gani, mutane na zaman makoki, waɗansu ƙarti na guje-guje a fili ana yi musu tafi. An yi ta zuba hikima, amma abin da ya dame ni shi ne, a cikin su duka babu wanda ya kawo labarin wasa ko ɗaya wanda aka taɓa yi, balle ya faɗi nawa aka samu, ko ina kuɗin suka tafi. To, tun da Malam Edita ya ba ni fili, ga abin da na so in faɗa ran nan.

Bari in fara da wasan kansa, don na san da yawa cikinmu ƙwallon ƙafa kaɗai suka sani, ko da ya ke kurket ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun 1904 'yan Ikko suka kara da 'yan ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, an kafa 'yan turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wurgo ƙwallo yana neman ya ka da turakun. Mai duka kuwa yana tsaye a gabansu da wani katako mai faɗi, kamar babbar muciya, yana karewa. In ya doki ƙwallon ya yi nisa, sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ya gangara har ya ƙetare iyakar fili, maki huɗu. In ya tsallake ta sama bai taɓa ƙasa ba, maki shida. Kowane jifa shida shi ne zubi ɗaya. Wannan ya isa a fahimci abin da ke tafe.

Waɗanda mu ke magana a kansu ba irinmu ba ne masu wasan motsa jini bayan la'asar. Mutane ne da suka mai da kurket sana'a, da shi su ke ci, da shi su ke sha. Jarinsu duka jikinsu ne, kuma shekarun cin kasuwarsu kaɗan ne. Ƙwallon nan da ku ke gani ƙarami, nauyinsa wajen giram 160 ne, taurinsa kamar dutse, gwanayen jifa kuma su kan sake shi da saurin kilomita 140 ko fiye a sa'a guda. A watan Nuwamba na 1914 ba a san hular kwano a wasan ba, amma ko da aka san ta ba ta hana ƙaddara ba: a Nuwamba na 2014 ƙwallo ya sami wani ɗan wasan Ostiraliya, Phillip Hughes, a wuya, a filin birnin Sidni, bayan kwana biyu ya rasu yana da shekara 25. Ban da haka kuma ɗan wasa ba shi da cikakken iko da kansa. Ya sa hannu a takardar yarjejeniya da hukumar wasan ƙasarsa ko da wata ƙungiya, su ke biyansa, su ke da ta cewa a kan ranakunsa. Saboda haka wanda ya ce, "Me zai rage su da shi, wasan yini ɗaya?" bai duba da kyau ba. Akwai abin da su ke sa wa a kasada.

Yanzu ga labarin wasan da ya fi kowane suna.

Ran 26 ga Disamba 2004 aka yi wata babbar girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku, kusa da tsibirin Sumatara na Indunisiya. Girgizar ta ta da igiyar ruwa, wadda a ke kira tsunami, ta bi Tekun Indiya ta hau gaɓar ƙasashe 14, ta hallaka mutum wajen 230,000. A Siri Lanka kaɗai fiye da 30,000 suka mutu. Siri Lanka kuwa ƙasar kurket ce, haka Indiya. A ranar 'yan wasan Siri Lanka suna Niyu Zilan, suna cikin karawa. Da labari ya iske su aka dakatar da sauran wasannin suka koma gida. Filin wasa na garin Galle, wanda ke bakin teku, ruwa ya yi masa kaca-kaca.

Kwana 15 bayan haka, ran 10 ga Janairu 2005, aka yi wasan agaji a babban filin birnin Melbon na Ostiraliya. Aka haɗa ɓangare ɗaya daga gwanayen ƙasashen Asiya, Sourav Ganguly na Indiya ya shugabance su. Ɗayan kuma daga sauran duniya, Ricky Ponting na Ostiraliya ne madugunsu, tare da irin su Brian Lara da Shane Warne da Adam Gilchrist. Mutum 70,101 suka biya suka shiga, aka kuma nuna wasan a talbijin a ƙasashe fiye da 100. 'Yan duniya suka ci maki 344, Ponting shi kaɗai ya ci 115. 'Yan Asiya suka ci 232. Da aka tattara, an sami fiye da dalar Ostiraliya miliyan 14, aka miƙa wa ƙungiyar agaji ta World Vision.

Ina so ku lura da ta inda kuɗin suka fito, domin a nan amsar tambayar ta ke. Ba daga aljihun 'yan wasan mafi yawansu suka fito ba. Akwai kuɗin ƙofa. Akwai na masu kallo a gida, waɗanda suka yi ta buga tarho suna yin alkawari muddar wasan. Akwai na kamfanoni: wani kamfanin tarho ya ce zai ba da dala 1,000 a kan kowane maki, wani na motoci ya ce dala 50,000 a kan kowane duka mai maki shida. 'Yan aji ɗaya ma za su iya wannan lissafi: 344 a tara da 232 ya zama 576, watau dala 576,000 ke nan daga alkawarin farko kaɗai. Kowane gudu da mutum ya yi tsakanin turaku ran nan, ya san abin da ya ke jawowa.

Wani ɗalibi ya yi tambaya mai kyau a daren gardamar, ba a kuwa amsa masa ba. Ya ce tun da mutanen nan masu kuɗi ne, me zai hana kowa ya ciro daga nasa ya aika a ɓoye, ba sai an yi biki ba? Amsa ita ce suna iya yin haka, waɗansunsu ma sun yi. Amma a raba miliyan 14 gida 22 a ga abin da zai faɗa wa kowane ɗan wasa: fiye da dala 600,000. Kaɗan ne cikinsu za su iya fid da wannan a zaune. Abin da ɗan wasa ya mallaka wanda ni da kai ba mu da shi, shi ne suna mai tara jama'a. Attajiri ya ba da dukiya, likita ya ba da iliminsa, mai kwalekwale ya ba da kwalekwalensa. Shi kuwa ɗan wasa, in ya tsaya a fili, mutum dubu saba'in su bar gidajensu su zo. In ya ɓoye wannan ya aika da 'yan kuɗinsa kaɗai, ya ba da ƙaramin abin da ke hannunsa ya riƙe babban. Misalin da ya fi nuna haka shi ne na hular Shane Warne. A Janairu na 2020, lokacin gobarar dajin Ostiraliya, ya sa koriyar hularsa ta wasa a gwanjo, aka saye ta dala 1,007,500. Hular ulu ce kawai. Sunan wanda ya sa ta aka saya.

Maganar makoki kuwa, ban raina ta ba, don mu ma in an yi rasuwa a unguwa a kan ɗaga kiɗan biki. Amma a duba su wa suka shiga filin Melbon. Akwai Sanath Jayasuriya, wanda ruwan ya ji wa mahaifiyarsa rauni a garin Matara. Akwai Muttiah Muralitharan, wanda a safiyar ranar da ruwan ya zo yana kan hanyarsa ta zuwa ƙauyen Seenigama da ke bakin teku, jinkiri kaɗan ne ya fisshe shi. Shi wannan mutum yana da tsohon ciwo game da filin nan. A cikinsa ne, ran 26 ga Disamba 1995, wani alƙalin wasa ya hukunta har sau bakwai cewa jifarsa ba ta bisa ƙa'ida, a gaban dubban mutane. A 2004 ma ya ƙi bin 'yan ƙasarsa zuwa Ostiraliya saboda irin maganganun da a ke yi a kansa. Duk da haka ya zo, alhali bai daɗe da yin aiki a kafaɗarsa ba. In masu makokin da kansu ne suka ɗauki ƙwallo suka ce a zo a yi, ban ga ta inda ni da ke nesa zan ce sun yi rashin kunya ba. Batun riya kuma, wannan tsakanin mutum ne da Mahaliccinsa. Wanda aka kafa wa tanti ba ya tambayar abin da ke zuciyar wanda ya biya.

Amma kada mu zuga abin ya wuce girmansa. Gudummawar da duniya ta yi alkawari saboda wannan tsunami ta haura dalar Amurka biliyan 13. In aka juya abin da aka samu a Melbon zuwa dalar Amurka aka gwada, bai cika kashi ɗaya cikin dubu ba. Wasa ba ya tono gawa, ba ya haƙa rijiya, ba ya kafa asibiti. Waɗansu mutane ne dabam, waɗanda ba a san sunansu ba, su ke yin wannan shekara da shekaru bayan an kashe fitilun fili. Filin Galle ma sai a Disamba 2007 aka sake yin babban wasa a cikinsa. Kuma an shirya a yi karo na biyu na wasan agajin a birnin Kalkata na Indiya a watan Fabrairu 2005, aka ɗaga, daga baya aka fasa. Ni abin da na karanta a ciki shi ne, irin wannan wasa da zafi-zafi a ke yinsa. Sau ɗaya kowa zai ture abin da ke gabansa ya zo. In aka ce a maimaita, tausayi ya fara hucewa, kowace hukuma kuma ta tuna da nata jadawalin.

(Wata 'yar rigima ta biyo bayan wasan Melbon, wadda na ke ambata don malaman lissafi su yi dariya. Hukumar kurket ta duniya ta ce a ƙidaya shi cikin wasannin ƙasa da ƙasa na sosai, makin kowa ya shiga littafin tarihinsa. Waɗansu masu riƙe da lissafin wasan suka ce ina, "Asiya" da "Duniya" ai ba ƙasashe ba ne. Makin Ponting 115 dai suna nan cikin littafi.)

Wasa na biyu da zan kawo shi ne ya fi sa ni tunani. A Satumba 2017 mahaukatan guguwa biyu, Irma da Maria, suka ratsa tsibiran Karibiyan, suka kware rufin gidaje, suka yi wa tsibirin Dominika mummunar ɓarna. Ran 31 ga Mayu 2018 aka yi wasan agaji a filin Lord's na Landan, tsakanin ƙungiyar tsibiran da zaɓaɓɓun duniya, zubi 20 kowane ɓangare. Eoin Morgan na Ingila aka sa ya shugabanci 'yan duniya, amma ya karye a yatsa a wani wasa 'yan kwanaki kafin ranar, sai Shahid Afridi na Fakistan ya karɓa. 'Yan tsibiran suka ci 199, suka yi nasara da ratar maki 72. To, ina aka nufa da kuɗin? Gyaran filayen kurket guda biyar da guguwar ta lalata, a cikinsu har da na Dominika da na Angila.

A nan ne na ke ganin masu suka suna da abin riƙewa, da sun san labarin. Mutumin da ya ji an ce "agajin guguwa" abin da zai zo masa a rai shi ne mace da 'ya'yanta a ɗakin da ba rufi, ba wurin zaman 'yan kallo ba. Ban ce an yi ha'inci ba, don masu shirin sun faɗa tun farko cewa filaye za a gyara. Kuma fili ba abin banza ba ne a ƙaramin tsibiri: akwai masu share shi, da masu sayar da abinci a ƙofarsa, da masu masauki da ke jiran baƙin wasa, da yaran da ke koyo a cikinsa. Amma dai wannan kurket ne ke yi wa kurket magani, wata takwas bayan masifa. Abu ne mai kyau, sai dai ba irin na Melbon ba ne, bai kamata kuma a kira su da suna ɗaya ba tare da bayani ba.

Na ukun ya nuna wata dabara ta kauce wa matsalar rauni da ta yarjejeniya. Gobarar dajin Ostiraliya ta ƙarshen 2019 da farkon 2020 ta kashe mutum 33, ta cinye gidaje wajen 3,000. Ran 9 ga Fabrairu 2020 aka yi wasan agaji a wani ƙaramin fili a Melbon, bayan an ɗauke shi daga Sidni saboda tsoron ruwan sama. Mafi yawan waɗanda suka yi shi tsofaffin hannu ne da suka riga suka yi murabus, su Ponting da Gilchrist da Lara da Wasim Akram, aka gauraya su da 'yan wasa mata, zubi 10 kacal kowane ɓangare. A lokacin hutun tsakiya Sachin Tendulkar na Indiya, wanda ya bar wasa tun 2013, ya ɗauki katako ya tsaya Ellyse Perry ta yi masa jifa. Ɓangaren Ponting ya ci da maki ɗaya tak, aka tara fiye da dala miliyan 7 da dubu 700. Wanda ya yi murabus ba shi da ubangidan da zai nemi izninsa, ba shi da wasan gobe da zai ji tsoron rasawa, sunansa kuwa yana nan bai tsufa ba. A ganina wannan hanya ta fi sauƙin maimaitawa.

Sai dai ko a nan ma maganar ba ta ƙare da tashi daga fili ba. Kuɗin sun shiga asusun agaji na ƙungiyar Red Cross ta Ostiraliya, ita kuwa a wannan lokaci jama'a na ta ƙorafi cewa tana jan ƙafa wajen raba gudummawar gobarar. Ta amsa cewa sake gina rayuwar mutane aikin shekaru ne, ba a zazzage asusu a wata ɗaya. Kowane ɓangare na da hujjarsa. Abin da na ke so a gani shi ne, ɗan wasan da ya ba da aron sunansa ya zama kamar wanda ya tsaya wa wani lamuni. Jama'a don shi suka buɗe aljihu, ba don sun san ma'ajin ba. Saboda haka bai kamata ya tuɓe rigar wasa ya ce nasa ya ƙare ba. Ya kamata ya tambaya, tun kafin ya yarda, wa zai riƙe kuɗin, me za a yi da su, yaushe za a karanta lissafi. Muralitharan ya yi fiye da haka: ya bi motocin abinci da kansa zuwa wuraren da ruwa ya ci, ya kuma daɗe yana aiki da wata gidauniya a Seenigama wajen sake gina gidaje. Warne ma ya je Galle a Fabrairu 2005 ya gani da idonsa, a filin da ya ka da mutum na 500 a manyan wasanninsa shekara ɗaya kafin nan.

To, da an ba ni ƙuri'a ran nan, da na jefa ta ga masu cewa a yi. Amma a yi shi bisa son ran ɗan wasa, kada a kunyata wanda ya ce jikinsa ba zai ɗauka ba, ko ubangidansa bai sake shi ba. Ba mu san abin da ya aika a ɓoye ba.

Na tsawaita a kan batun lissafi ne domin ku, 'yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba ku makarantu, kuma a ƙauye duk abin da ya shafi rubutu da ƙidaya malamin makaranta a ke kira. Shekarar da na fara koyarwa ruwa ya rushe gidaje a garin da aka kai ni. Muka shirya wasan ƙwallon ƙafa tsakanin malamai da samarin gari, aka kewaye fili da zana, aka sa gwangwani a ƙofa. Garin duka ya zo, har tsofaffin da ba su taɓa kallon ƙwallo ba. Ni na tsare gida, aka zura mini uku, aka yi ta yi mini dariya, na koma ɗaki ina jin na yi abin kirki. Ba wanda ya ƙidaya kuɗin a gaban jama'a, ni ma ban ce a ƙidaya ba, aka miƙa gwangwanin ga wani kwamiti. Bayan wata biyu wata tsohuwa, wadda ɗakinta na cikin waɗanda suka faɗi, ta tare ni a hanyar kasuwa ta ce, "Malam, ina labarin kuɗin ƙwallonku?" Na ce mata zan bincika. Na yi shekara biyu a garin, har aka ɗauke ni ban sami amsar da zan kai mata ba.